Gwaggon da Ke Cikin Laka

Yawuri, Jihar Kebbi
Farkon watan Maris

Zuwa ga ƙanena Tajuddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Zuhra da 'yata Khaulah. Inna tana gaishe ku, ta ce a tambaye ka ko har yanzu shinkafar ce safe da rana da dare.

Na rubuto ne maimakon in kira, don tun ranar da muka yi kiran bidiyon nan ka daina ɗaukar wayata, kuma na san dalili. Na ga fuskarka. Ka san kunnen Baba, sai da na ɗaga murya na ce masa Taju ne, ɗanka na Maleshiya. Ya kalle ka ya ce, "Wane ne wannan baƙon? A ba shi ruwa." To ka daina fushi da waya, ba kai kaɗai ba ne. Ni da nake ba shi abinci a baki, baiwar Allah yake ce mini.

Likita ya ce mantuwar tsufa ce, ba ta komawa baya. Ya ce zuciyar ma ta gaji, shi ya sa ƙafafun suka kumbura. Bai ɓoye mana ba, ya ce duk wanda ke nesa ya matso. Na san fasfonka yana hannun hukumar shige da fice ta can saboda sabunta bizar karatu, don haka ba zan ce ka taho ba, sai dai in ce ka dage da zirga-zirga.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Maƙwabcinmu Sirajo ya gyara tsohon injin niƙansa, wanda ke jingine da bangon ɗakin Baba. Da ya tayar da shi, Baba da ba ya iya zama sai an tallafe shi, sai ga shi zaune da kansa. Ya miƙa hannun dama yana laluben wani abu a iska, ya ce, "Gwaggo ta tashi." Ka dai tuna Gwaggo, injin jirgin fiton da ya kwashe rayuwarsa yana tuƙawa a kogin Kwara, wanda 'yan gwangwan suka yanka tun kana sakandare. Na ga Babanmu a idonsa, Taju, shi ɗin dai da ka sani. Can sai ya yamutsa fuska ya ce ba ita ba ce, ya koma ya kwanta.

Na yi kuka har Inna ta kore ni daga ɗakin. Ban san me ya sa nake gaya maka ba, sai dai ba ni da wanda zan gaya wa.

Ka gaida mutanen gidanka. Allah Ya sada mu da alheri.

Yayarka,
Ruƙayya

*

Setapak, Kuala Lumpur
Tsakiyar Maris

Yaya Ruƙayya,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaida Inna, ya jikin Baba? Allah Ya ba shi sauƙi. Ki ce wa Inna shinkafar ce.

Gaskiya kika faɗa, ba fushi ba ne, tsoro ne. Maganar baƙon nan ta hana ni sukuni. Fasfo kuwa na je ofishin ɗalibai har masu gadi sun san ni. Kullum amsar ɗaya ce, boleh, boleh, wato zai yiwu, a ƙara haƙuri. Murmushinsu ya fi zagi ciwo.

Yanzu ki zauna ki karanta wannan. Ina da aboki, Ernest, mutumin Jos, muna gini ɗaya. Shi mayen kamun kifi ne, duk Asabar yana bakin kogin Klang, inda ya kusa shiga teku. Da na ba shi labarin wasiƙarki ya ce in shiga mota. Yaya, akwai wani lungu a wurin da aka watsar da tsofaffin jirage, sun nutse a laka har ciki, cikin itatuwan nan masu tsiro a ruwan gishiri. Wani ya kife, wani ya rabe biyu, birai na tsalle a kansu. Sai ruwa ya janye ake iya isa gare su, laka har gwiwa.

Akwai wani ƙarami mai jan manyan jirage, ya karkace, bishiya ta fito ta ɗakin matuƙi. Na sauka cikinsa ta wani tsani da tsatsa ta cinye. Na haska fitilar waya, sai na zauna a wurin. Gwaggo ce. Silinda uku, koren fenti, farantin tagulla a gefe, babbar ƙafar ƙarfen nan mai juyawa, har hannun da ake murzawa a tayar da ita yana rataye a ƙugiyarsa. Turawan da suka kai waccan Yawuri su suka kawo 'yar'uwarta nan. Ruwa yana shiga ƙasan jirgin, amma bai taɓa hawa kanta ba.

Wani dattijo ke gadin wurin, Pakcik Rosli. Pakcik ɗin kawu ke nan a harshensu. Ya ce an sayar da jiragen duka ga masu yanka ƙarfe, sun fara daga can sama suna gangarowa. Da na gaya masa dalilina sai ya ce in yi abin da zan yi kafin su iso.

Ta daskare, ko motsi ba ta yi. Na cire nozul, bakin da ke fesa mai, na ɗura mata kananzir da baƙin mai don fistin su saki. Ki yi dariya idan kina so. Ni da na gudu daga baƙin mai na zo nan karanta tattalin arziki, ga ni da sifana. Ashe hannuna bai manta ba. Duk hutun makaranta ina ƙasan jirgin nan tare da Baba, in ya ba ni sandar mai in riƙe, in tura ta gaba don in ji Gwaggo na ruri, shi kuma ya make mini hannu.

Zan tayar da ita in ɗauki sautinta in turo miki. Ba cewa na yi zai warke ba. Sunana kawai nake so ya faɗa, ko sau ɗaya ne, kafin Allah Ya yi ikonSa. Ba zan iya rayuwa a matsayin baƙon da aka ce a ba ruwa ba.

Ki sa ni a addu'a. Na bar ki lafiya.

Ƙanenki,
Taju

*

Setapak, Kuala Lumpur
Watan Afrilu

Zuwa ga Yaya Ruƙayya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙa gaisuwa ta girmamawa gare ki da Inna, tare da addu'ar Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne.

Ki gafarce ni, Baban Khaulah bai san na rubuto ba. Ban saba kai ƙararsa ba, amma abin ya fi ƙarfina.

Yaya, mijina ya koma cikin jirgin nan da zama. Ba agogo yake bi ba yanzu, janyewar ruwa yake bi. Yakan dawo da laka har cinya, hannuwa duk yanka, idanu ja. Wurin wanke-wankena ya cika da ƙananan ƙarafa jiƙe a kananzir, har shayinmu warinsa yake yi. Khaulah ta ƙi yarda ya ɗauke ta, ta ce da Turancinta wai Abba warin bas yake. Ya yi dariya, amma na ga abin ya taɓa shi.

Malamar da ke duba aikin digirinsa ta aiko nemansa ya fi a ƙirga, bai amsa ba. Abinci sai na tsaya a kansa. Rannan tsanin jirgin ya karye da shi, Allah Ya tsare, ƙafarsa ce kawai ta goge. Ernest ne ya gaya mini, shi bai ce komai ba. Ya yi yawon kasuwannin tsofaffin ƙarafa har Ipoh yana neman wani ringin fistin, ya dawo da shi a aljihun gaba kamar wanda ya samo zinariya.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne idan ta tashi kuma Baba bai gane ba. Ban san mutumin da zai dawo mini gida ranar ba. Na yi masa magana, ya ce, "Zuhra, naki uban ya san sunanki." Kuma gaskiya ce.

Ke yake jin maganarki. Ina roƙonki ki ce masa ya bari, ya zauna ya jira fasfo kamar kowa.

Allah Ya ƙara girma. Na gode.

Ƙanwarki,
Zuhra

*

Setapak
Ƙarshen Afrilu

Yaya,

Salam. Ina gaisuwa, ya mai jiki? Na ga saƙonki na cewa in bari. Na san wadda ta sa ki, ban kuma yi fushi ba.

Ta tashi, Yaya. Yau ta tashi. Na yi yadda Baba yake yi, na jiƙa tsumma da gas na kunna masa wuta, Pakcik Rosli ya riƙe a bakin da take shaƙar iska. Na murza har na ga duhu-duhu. Ta yi tari, ta tofar da hayaƙi baƙi ƙirin, tsatsa na zubo mana a ka, sannan ta kama. Biran nan duk suka watse. Pakcik ya ce rabon da a ji wannan sautin a lungun tun yana da baƙin gashi.

Na ɗaga wayata na ɗauka, ga shi na turo. Ki sa masa a kunne, na dama, ya fi ji da shi. Ki lura da bakinsa, duk abin da ya ce ki rubuto mini shi yadda ya faɗa, kar ki gyara.

Ki yi haƙuri da gajartar wasiƙar, da hagu nake rubutu, na ɗan bugu kaɗan. Masu yankan sun kusa, ana jin ƙararsu daga inda muke. Amma ai an gama.

Ina jira. Ba zan iya cin komai ba sai na ji daga gare ki.

Taju

*

Yawuri
Farkon watan Mayu

Ƙanena Tajuddeen,

Assalamu alaikum. Ina fatan hannun da sauƙi. Ɗan bugu kaɗan ɗin nan naka ban yarda da shi ba, tun kana yaro haka kake cewa ko jini na zuba.

Ka ce kar in gyara, to ba zan gyara ba. Bai ce komai ba. Na sa masa a kunnen dama, na sa a hagu, na ƙure murya. Ya kaɗe wayar da hannu yadda ake kaɗe sauro, ya juya ya fuskanci bango. Na yi ta maimaitawa har cajin ya ƙare. Na kwana biyu ina rasa yadda zan rubuto maka.

Inna ce ta same ni a tsakar gida na haɗa kai da gwiwa. Da na gaya mata abin da ka yi, ta riƙe baki, sannan ta ce, "Ku dai yara ne. Mutumin da inji ya cinye wa kunne tun kafin a haifi Taju? Ai shi ba da kunne yake jin Gwaggo ba, da ƙafa yake jin ta."

Taju, ka tuna takalmansa? Kullum a bakin ɗakin inji yake cire su ya shiga ba takalmi. Mu a zatonmu tsafta ce, wasu ma cewa suke camfi ne. Inna ta ce tsayawa yake a kan farantin ƙarfe, bugun ya hau ta tafin ƙafarsa, a nan yake gane lafiyarta da ciwonta. Kuma injin Sirajo ba jin sa ya yi ba. Gadonsa na ƙarfe yana manne da bangon, girgizar ce ta tashe shi. Mu biyu, da karatunmu, muka yi ta bin kunne.

Na je wurin Umair, mai sa kiɗa a gidajen biki, na aro babbar sifikarsa. Ya saurari abin da ka turo ya girgiza kai. Ya ce wayar a iska ka riƙe, ta kwashi ƙarar sama kawai, kwaram-kwaram, amma bugun ƙasa mai shiga ƙirji babu shi a ciki. Ya ce sai an manna makirfo mai kyau a jikin ƙarfen da injin ke zaune a kai, sannan shi zai iya fito da shi.

Baba ya daina cin tuwo, kunu ne cokali-cokali. Likita ya zo jiya, bai rubuta sabon magani ba.

Na yi wa Zuhra alkawarin zan hana ka. Ban ce ka koma ba. Amma wallahi bakina ya kasa cewa kar ka koma. Allah Ya yafe mini, ita ma ta yafe mini.

Yayarka,
Ruƙayya

*

Setapak, Kuala Lumpur
Watan Mayu

Zuwa ga Yaya Ruƙayya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da Inna, ina yi wa Baba addu'a a kowace salla.

Ni ce ke rubutu domin shi ba zai iya ba. Abin da ya kira ɗan bugu karaya ce. Ranar da injin ya fara tashi, hannun murzawar ya dawo da baya ya karya masa tsintsiyar hannun dama. Yana cikin filasta har gwiwar hannu.

Da ya karanta wasiƙarki sai ya tashi. Ya shiga banɗaki ya buɗe famfo don kar in ji, amma na ji. Da ya fito sai na samu kaina ina cewa ya tashi mu tafi tare. Ni da na roƙe ki ki hana shi. Na kai Khaulah wurin maƙwabciya, ya aro makirfo a masallacin jami'a, Ernest ya ɗauke mu.

Mun tarar masu yanka suna kan jirgin da ke manne da namu, tartsatsin wuta na zuba a laka. Shugabansu ya ce gobe namu ne, kuma ba mai shiga, ba ya son a mutu masa a wurin aiki. Pakcik Rosli ya ja shi gefe suka yi ta magana da Malayanci. A ƙarshe shugaban ya ce lokacin makan kawai, wato hutun cin abinci, da sun dawo mu fita. Ernest ya ruga shagon mamak, masu sayar da abinci, ya yo musu ƙunshin shinkafa da kaza da shayin madara, mai yawa, don cin ya daɗe.

Yaya, ban taɓa shiga wuri irin wannan ba. Na tattare hijabina na shiga laka, takalmina ɗaya yana can har yanzu. Ciki duhu, zafi, warin ruɓaɓɓen ruwa. Baban Khaulah ya manna makirfon a ƙarfen ƙasa da salatif, sannan ya cire takalmansa ya tsaya a wurin. Ernest ne mai murzawa. Pakcik ya riƙe tsumman wuta. Ni aka ba wasu ƙananan sanduna uku a saman injin, aka ce in riƙe su a ɗage, in Ernest ya ce saki in sake su.

Ta ƙi. Muka sake, ta ƙi. Ernest ya jiƙe sharkaf, yana kiran sunan Yesu, ni ina ta salati, ruwan teku ya fara dawowa yana taɓa mana idon sawu. Muka ji masu yankan sun fara wanke hannu. Baban Khaulah ya dafa ta da hagu ya ce, "Gwaggo, don Allah." Ernest ya tattara ƙarfinsa na ƙarshe, ya ce saki, na saki.

Sai na ji ta a haƙorana. Ban san yadda zan kwatanta miki ba, jirgin gaba ɗaya ya ɗauki rawa, bugun yana hawowa ta ƙafa har ƙirji. Baban Khaulah ya kama sandar mai da hagu ya tura ta gaba, ya ƙara turawa, injin yana ruri. Pakcik yana ta yi masa alama ya sassauta, bai gani ba, hawaye sun rufe masa ido. Haka muka tsaya har shugaban ya leƙo ya buga ƙarfe.

Ga sautin nan na turo. Babu na uku, Yaya. Ban san abin da zan roƙa ba banda Allah Ya duba mu.

Ƙanwarki,
Zuhra

*

Yawuri
Watan Mayu

Taju,

Assalamu alaikum. Ka ba Zuhra ta karanta maka idan idonka ba zai iya ba. Ka ce mata na gode, ban san da bakin da zan gode mata ba.

Umair ya kawo sifikar a amalanke da hantsi. Ya saurara ya ce yanzu aka yi magana. Muka kwantar da ita a ƙarƙashin gadon Baba, fuskarta na kallon sama, muka ɗora katako a kai ya tokare ƙarfen gadon. Inna da kanta ta cire masa safa, ta jera tafin ƙafafunsa a kan ƙarfen. Tun jiya bai buɗe ido ba.

Da aka kunna, kofin da ke kan taga ya fara rawa. An ɗan jima ba abin da ya faru, har na fara cewa a kashe. Sai Inna ta nuna mini yatsun ƙafarsa. Suna motsi, Taju, suna bin bugun. Ya buɗe ido. Hannun dama ya tashi yana lalube. Ya ce, "Ita ce." Ya yi murmushi, irin na da, har da gefen bakin nan da yake karkacewa.

Can wurin da sautin ya ƙara ƙarfi sai ya haɗa gira. Ya ɗaga hannu ya make iska. Ga abin da ya ce, ban gyara ko harafi ba:

"Taju ne a kan sandar nan. Ku ce wa Tajuddeen ya rage mata wuta, yaron nan kullum gaggawa."

Inna ta zauna a ƙasa. Ni na ce masa to Baba, za a gaya masa. Ya ce in gaya maka yanzu. Ya daɗe ƙafafunsa na bin ta, sannan barci ya ɗauke shi. Har yanzu da nake rubutu yana numfashi, a hankali. Likita ya ce mu zauna kusa.

Na isar da saƙo. Allah Ya yi maka albarka, ƙanena.

Yayarka,
Ruƙayya

*

Setapak

Yaya,

Salam. Da safen nan suka yanka jirgin, Pakcik ya ce sun ɗaga ta da ƙugiya sun tafi da ita. Fasfo bai fito ba.

Idan ya farka, ki matsa kusa da kunnensa na dama, ki ɗaga murya. Ki ce Taju ya ji, ya rage mata.

Ƙanenki,
Tajuddeen